Shekarar Yawon Buɗe Ido

Wannan babin saboda kai na rubuta shi, Nura, ko da yake ƙannenka ma su karanta. Ranar Sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida ana cin tuwo, ka kalli autata Ummi, wadda kuke tsokana da Tukuna, ka ce, cikin raha a ganinka, wai ba don yayen Tukuna da taurin kan kakarku Inna ba, da Baba ya ga teku da idonsa. Kowa ya yi dariya. Ita ma Ummi ta yi, irin dariyar da ake yi don a wuce wurin, sannan ta kwashi kwanuka ta shige kicin, ta daɗe tana wanke abin da bai kai a daɗe ba. Na so in yi magana a lokacin, amma na san halinku, ba a kai ƙarshen zance a gidan nan ba a sami mai katsewa ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Ga yadda abin ya faru, daga bakin wadda aka riƙa aika ta tana dawowa da amsa.

Babanku, Malam Habu, ɗanyen kifi yake sayarwa a kasuwar Tarauni tun kafin a kawo ni gidansa. Ba kifin dam ba, na teku, wanda ake kawowa daga kudu a cikin kwali, a daskare kamar itace. Kun san ƙarnin rigarsa, kun san hannunsa da kullum yake da sanyi ko a tsakiyar bazara. Mutumin nan ya san kifin teku ciki da bai, amma ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne na Tiga, shi ma ta tagar mota. Direbobin da suke kawo musu kaya su suka ɗora masa wannan ciwon. Su ce masa ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, yana zuwa yana komawa ba wanda ya kore shi, kuma in ka ɗanɗana gishiri ne zalla. Ya dawo gida ya zauna yana maimaita mini kamar shi ya gano, ni kuwa in miƙa masa sabulu in ce ya fara wanke tekun da ya kwaso a jikinsa.

Shekarar da Ummi ta fara tafiya, abubuwa suka fara faɗuwa a gidan nan. Ya yi tuntuɓe da buta, ya bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗa, ya take wa yarinya 'yar tsanarta. Ni da bakina ban raga masa ba, na ce ko sai an ɗaura masa fitila irin ta mota. A kasuwa kuma aka fara cewa Malam Habu ya yi girman kai, mutum ya tsaya a gefensa yana magana ya ƙi ko kallonsa. Ranar da wuƙar yankan kifi ta sami yatsansa na ce to yau sai asibiti. Likitan ido ya daɗe yana haska shi, sannan ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye na hagu ba mu sani ba, na dama kuma saura tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba, aiki ma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na tambaye shi saura yaushe. Ya ce wannan sanin Allah ne, amma in akwai abin da Malam yake so ya yi da idonsa, kada ya ajiye shi.

A adaidaita sahu muka dawo. Muka iso Gyadi-Gyadi, daidai kan layin gidansu, inda mahaifiyarsa Inna take zaune. Nan ya kau da kai daga layin ya gaya mini abu biyu. Na farko, kada Inna ta ji. Na biyu kuma ya faɗe shi a hankali, don kada mai tuƙi ya ji.

"Binta, ina so in ga ruwan nan tun da sauran abin gani. Mu tafi Legas, ni da ke da yara, har da Uwata."

Uwata ita ce Ummi. Sunan Inna ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunan yankanta a gidan nan, shi kuwa tun ranar suna bai taɓa ce mata komai ba sai Uwata. Na ce masa yarinyar da ko yaye ba a yi ba me za ta gane a teku. Ya ce ba don ta gane ba ne. Yana so ya ga fuskarta lokacin da ta gani, ya haɗa biyun ya ajiye a ransa.

Ban taɓa shirya wani abu da zuciya ɗaya kamar tafiyar nan ba, don muddin hannuna yana aiki ba na tuna abin da likita ya ce. Masauki bai ba mu wahala ba, wani Alhaji abokin cinikinsa a Agege ya ce ɗaki yana nan duk ranar da muka zo. Wahalar duk ta Ummi ce. Maƙwabciyarmu Maman Rahila, malamar firamare 'yar Kafanchan, ta taɓa zama a Legas da mijinta, sai ta zama malamata ni ma. Ita ta ce mini motar safa ba ta tsayawa don yaro ya matsu, in tanadi famfas da yawa in bar fo a gida. Ta ce iskar bakin ruwa tana sa yaro mura ko ana rana, in saka rigar sanyi. Ta ce sauron can bai san baƙo ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada in kuskura in saki hannun yarinya, don ruwan yana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye. Na sayi filas na kunu da ƙaramin gidan sauro da takalmin roba da ɗan bokitin wasa. Na yi dambun nama cike da roba. Babanku da kansa ya je wajen tela ya sa aka ɗinka wa Ummi 'yar riga shuɗiya, wai ta dace da ruwan. Da la'asar kuma in ya dawo sai ya zaunar da ita a daro, ya barbaɗa ɗan gishiri, ya riƙa girgiza daron yana ce mata teku, teku. Ita kuwa ta doki ruwan da hannu biyu ta ce tuku.

Matsalar da ban zata ba ita ce abin da zan ce wa mutane. A unguwarmu in ka ce za ka Legas tambaya ɗaya ce, biki ko rasuwa. In ba su ba, to sarin kaya. Ka ce kallon ruwa za ka, a yi maka kallon wanda ya fara taɓuwa. Sai na tsinci wata kalma a rediyo, yawon buɗe ido. Ta yi mini daɗi a baki, ga ta da mutunci, in na faɗa sai a gyaɗa kai a ce ikon Allah, abin 'yan boko. Na riƙe ta gam, duk wanda ya tambaya ita nake miƙa masa.

Saura izinin Inna. Ku 'yan yanzu sai na yi muku bayani. Babanku ɗan fari ne, kuma Inna tana cikin masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Duk Juma'a bayan masallaci zai je ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta daga waje ya gaishe ta, ta amsa tana tsintar shinkafa ko tana kallon bango, ya ajiye ledar kifi ya tashi. In tana da magana da shi ni take gaya wa, ita ma a sakaye. In ta ce mini, mutanen gidanku suna cin abinci kuwa, to ta ga ya rame ke nan. In ta ce sanyin bana ba shi da kyau, to ta ji tarinsa. Shi ma in yana da magana ni ce 'yar aike. Haka na rayu a tsakaninsu ina kai zance ina warware shi, har nake ganin na ƙware. Shi kuma tun da yake bai taɓa kwana a wajen Kano ba sai ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da hantsi na same ta tana gyaran zogale a faifai, Ummi tana bayana. Bayan gaisuwa na gyara zama.

"Inna, dama maigidan ne yake neman izini. Muna so mu je Legas da yara, yawon buɗe ido."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Buɗe ido?"

"E, Inna. Ya daɗe yana so, yanzu kuma ya matsu."

"Shi ya ce a yi?"

"Shi ya ce."

Ta daɗe tana kallon ƙafar Ummi da ta leƙo ta ƙarƙashin zani. Sannan ta ci gaba da tsinke zogalenta.

"Tukuna. A yaye yarinyar nan tukuna. Ba a shiga doguwar hanya da mai shan nono."

Ban ga aibin maganar ba, shi ma bai gani ba, don yayen ya kusa. Muka ma matso da shi. Aka kai Ummi Gyadi-Gyadi wajen kakarta kamar yadda ake yi, ta yi kwanakinta ta dawo a rame, ga rigima, ga gudawa. Na koma wa Inna da maganar tafiya, ta ce yarinya ta mayar da jikinta tukuna. Ummi ta murmure har kumatu suka fito, na koma, ta ce damina ta sauka, hanya ba kyau. Ruwa ya ja baya, ta ce azumi ya ƙarato, a gida ake yinsa. Aka sha ruwa aka yi Salla, ta ce ai layya tana tafe. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi mata dogon bayani sai ta miƙe ta shiga ɗaki neman wani abu, kamar yadda ta saba in zancen ɗanta ya yi tsawo. In fito in tari adaidaita ina tafasa. Abin da ka faɗa ranar Salla, Nura, ni na riga ka faɗarsa a zuciyata, har da ƙari. Dambun naman nan muka cinye shi a gida, na sake wani, shi ma muka cinye. Akwati yana kan sif a shirye, ina sauke shi ina canza kayan Ummi da waɗanda suka fi girma.

Ummi kuwa ba ta manta ba. Kullum da safe sai ta jawo takalmin robarta da bokitinta ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran babanta ya fito, ta ce, Baba, tuku. Ya shafa kanta ya ce, tukuna, Uwata. Yau haka, gobe haka, har kalmomin biyu suka haɗe mata suka zama ɗaya. Ruwan daro ya zama tukuna. Ruwan da ya kwanta a layinmu bayan an yi ruwan sama, tukuna. Hoton ruwa a jikin kwalin kifi, tukuna. Daga nan kuka samo mata sunan da kuke tsokanarta da shi har yau da ta isa aure. Ku abin dariya kuka gani. Ni duk sanda ta faɗa sai in ji kamar an soka mini tsinke, don ina ganin yadda kafar makullin nan take ƙara tsukewa. Ya fara juya kai gaba ɗaya in zai kalli mutum. Ya daina zare ƙayar kifi a abincin Ummi, ya ce ni in yi. Wata rana ya riƙe fuskarta da hannu biyu yana matsar da ita gaba da baya, yana neman inda za ta shiga ɗan abin da ya rage masa.

Wata la'asar ina shanya a bayan ɗaki, bai san ina nan ba, na ji yana mata magana a bakin daro.

"Uwata, ɗanki fa idonsa yana tafiya. Na gaya miki, kada ki ce ban gaya miki ba."

Ta watsa masa ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu na kasa shanya shi. Ya gaya wa uwa, amma ba wadda za ta iya cewa a tafi ba.

A ranar na tare shi. Na ce ko dai ya bar ni in gaya wa Inna gaskiya, ko kuma ya bi direban motar kifin da ya yi ta yi masa tayi, ya ce ya zo su tafi tare su dawo tare, ba wanda zai san ya bar gari. Na ce ya je ya gani shi kaɗai, mu namu idon yana nan, ma je daga baya. Ban yi masa maganar da laushi ba. Na ce masa biyayyar da za ta makantar da mutum bai ga abin da yake so ba, ni ban san sunanta ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce mahaifinsa da makanta ya mutu, kuma tun yana yaro yake ganin Inna tana jan sandarsa zuwa bakin masallaci tana komawa ɗauko shi. Ya ce ba shi ne zai aika mata cewa abin ya dawo gidanta ba, in kuma na faɗa bai yafe ba. Zancen direba kuwa, ya ce ya kai wannan shekarun bai taɓa satar hanya ba, ba zai fara don kallon ruwa ba.

"Za ta ce a tafi, Binta. Ba ta taɓa hana ni abu ba dalili ba. Zan jira."

Wannan ita ce shawarar, kuma tasa ce. Na yi fushi da shi har na daina yi masa magana sai ta dole, amma ina ɗiga masa magani safe da yamma, ina kallon ƙwayar idon da ba ta nuna komai daga waje. Abin da ya fi cin raina ke nan. Ido garau, fari tas, ba wanda zai ce yana mutuwa.

Bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, da hantsi, rana ta take ko'ina, ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo. Na ce a'a. Ya ce to. Ya laluba ya sami kujera ya zauna. Daga ranar abin da ya rage masa bai wuce ya bambance haske da duhu ba. Bai yi kuka a gabana ba, ni ce na yi, a banɗaki, na buɗe famfo. Juma'a ta zo bai je Gyadi-Gyadi ba, ya ce in aika da kifi a ce ba ya jin daɗi. Wata Juma'ar ma haka. Ran Asabar sai ga sallama a ƙofar gida, muryar da ban taɓa ji a gidan nan ba in ba ranar suna ba. Inna ce, ita kaɗai, da mayafinta.

Yana zaune a inuwa. Ya ji muryarta ya zame daga kujera ya durƙusa, amma ya fuskanci inda ba ta nan, yana gaida randa. Ta tsaya tana kallonsa. Ban taɓa ganin ta kalle shi haka ba, kai tsaye, ba kau da kai. Sannan ta wuce kicin, na bi ta. Ta zauna a kan turmi.

"Ni na jawo. Da na bar ku kun je an buɗe masa, wataƙila da na can sun fi iyawa. Tsoro ne ya hana ni."

Na ce a buɗe masa me, Inna. Ta ce idon mana. Ta ce tun kafin in zo mata da maganar ta san idonsa ba lafiya, tun ranar da ya ajiye ledar kifi a kan kwanon ruwanta bai gani ba. Uwa ce, ba ta kallonsa amma ba abin da yake wuce ta. Sai ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba a gidan nan, wanda shi kansa babanku ya yi ƙanƙanta ya riƙe. Mahaifinsa ba haka kawai ya makance ba. Yana gani dishi-dishi, yana zuwa kasuwa da kansa, sai wani mai magani ya sauka a unguwar, ana ce masa mai buɗe ido. Ya zaunar da shi a zaure ya sa masa wani ƙarfe mai tsini a ido. Kwana kaɗan ya ga haske, daga nan idon ya kumbura, ya rufe har abada. Ita ce ta ba da shawarar a gwada. Saboda haka da na zo na ce mata za mu Legas buɗe ido, ya daɗe yana so, yanzu ya matsu, sai ta ɗauka ina gaya mata ne a sakaye, kamar yadda muka saba, cewa za a kai ɗanta a yi masa aiki. Yaran da za a tafi da su kuma, don a rufe bakin mutane ne. Ba ta iya cewa kada a yi ba, ba ta iya tambaya ba, sai ta riƙa neman abin da za ta jingina da shi, na farkon da idonta ya faɗa a kai kuwa ƙafar Ummi ce.

Na zauna a ƙasa a gabanta.

"Inna, ba asibiti za mu ba. Likita ya ce aiki ba zai yi ba. Ruwa za mu je kallo. Teku yake so ya gani kafin idon ya rufe."

"Ruwa?"

"Ruwa, Inna."

"Ruwa kawai?"

Na gyaɗa kai.

"Ai da kin ce ruwa ne, da a ranar na ce ku tafi."

Babu kalmar da ta taɓa yi mini nauyi a duniya kamar wannan. Shekara guda muka yi, mutum uku masu hankali, kowa yana kare ɗan'uwansa daga abin da ɗan'uwan ya riga ya sani. Ban ɗauki laifin ba, kuma ban yarda a ɗora wa tsohuwar nan ba, balle yarinyar da ko sunan ruwan ba ta iya faɗa daidai ba. Amma tun daga ranar na yi wa kaina alkawari. Kai ma ɗan fari ne, Nura, kuma ka san yadda 'yan'uwana suke cewa Binta ba ta da kunya, tana kiran sunan ɗanta gatsal a gaban mutane, tana zama da shi tana tambayarsa ina ke masa ciwo. Yanzu ka san dalili.

Da Inna ta tashi tafiya ta bi ta gabansa. Ta kai bakin zaure ta tsaya, ta ba shi baya. Ina riƙe da Ummi, na ji da kunnena.

"Abubakar, ka tafi ka ga ruwanka. Allah ya kiyaye hanya."

Tun da ta haife shi ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Ya ce, to, Inna. Daga baya na zauna na warware masa duk abin da ya faru. Ya yi wata 'yar dariya da ba na fatan in sake jin irinta, ya ce ashe rediyo ce ta ci mu. Na ce to sai a sauke akwati a kwashe kaya. Ya ce a'a, ta ce ya tafi, kuma bai taɓa ƙin maganarta ba.

Muka tafi. Duk abin da Maman Rahila ta faɗa ya faru, motar ba ta tsaya don Ummi ba, sauron bai san baƙo ba, sai dai yarinyar ta girmi rabin abin da na tanada. Famfas ɗin da na tara ma ta daina sawa. Shuɗiyar rigar ta ɗage mata har saman gwiwa, ta matse ta a hammata, amma ya ce ita za a sa mata, ya shafa ya tabbatar ita ce. Alhajin Agege ya sa aka kai mu bakin ruwa da safe. Kai da ƙanwarka Asma'u kuna sauka daga mota kuka ruga da gudu, shi ya sa ba ku ji abin da zan faɗa yanzu ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ni na ga teku. Ba zan ce muku ya burge ni ba, na tsane shi tun kallon farko, don ya yi girman da ko ta kafar makulli aka leƙa da an gan shi. Na naɗe wa babanku ƙafar wando, na ja shi har inda yashi ya jiƙe, na juya kafaɗunsa ya fuskanci ruwan. Ya saurari ƙugin, ya shaƙi iskar, ya ce wannan ai ƙarnin rumfarsa ne. Ya sunkuya ya taɓa ruwan da ya zo ƙafarsa ya kai baki, ya ce direbobi ba su yi ƙarya ba. Sannan ya ce in miƙo masa Uwata. Ya ɗauke ta a kafaɗa, ya sa tafin hannunsa a kumatunta, yana neman fuskar da ya ce zai haɗa da ruwan ya ajiye. Ita kuwa ta ƙame, ta buɗe baki, bokitin ya faɗi daga hannunta.

"Uwata, gaya mini. Me kika gani?"

Ta miƙa hannu biyu gaba, ta ɗaga murya da duk ƙarfinta, murna kamar ta tashi sama.

"Tukuna, Baba! Tukuna!"

Ya san abin da take nufi, ni ma na sani. Ya gyara mata zama a kafaɗarsa.

"To, Uwata. Zan jira."

Ya yi ta tsayuwa a wurin yana fuskantar ruwan, idonsa a buɗe, har wandon da na naɗe ya jiƙe, sai da na ja hannunsa.